Zuwa Indiya kallon damisa mai ratsi: a nemi izinin shiga daji kafin ɗakin kwana

Duk wanda zai zare kuɗi ya tafi Indiya don ya ga damisa mai ratsi a dajinta, ya fara sanin cewa tsadar masauki ba ita ke kawo damisar ba. Kamfanonin yawon buɗe ido suna cika tallarsu da hotunan tanti mai na'urar sanyaya ɗaki, da wurin ninƙaya, da teburin abinci a gindin bishiya. Ba ƙarya suke yi ba, akwai su. Sai dai masaukan nan duk a wajen gandun daji suke. Da asuba, wanda ya kwana a tantin dala 1,000 da wanda ya kwana a ɗakin dala 50 layi ɗaya suke bi a bakin ƙofa, jami'i ɗaya ne zai duba takardunsu, kuma lokaci ɗaya za a ce su fito. Abin da ke bambanta su yana cikin takardar izinin shiga: wace shiyya aka rubuta, sau nawa za a shiga, a wane wata, sannan wane ne zaune kusa da direba.

Wannan dabba babu ita a dazukan Afirka, ko ɗaya. Damisar da muke da ita mai ɗigo-ɗigo ce. Mai ratsin a Asiya take, kuma kusan kashi 75 cikin 100 na waɗanda suka rage a daji suna Indiya. Ƙidayar 2022 ta ba da kimanin 3,682, alhali a 2006 an samu 1,411 ne kacal. Jihar Madhya Pradesh ce kan gaba da 785, sai Karnataka da 563, Uttarakhand da 560, Maharashtra da 444. Shirin kare ta ya faro ne tun 1973, zamanin Indira Gandhi, da gandun daji 9. Nepal ma tana da su, a Chitwan da Bardia, amma ga mai zuwa karon farko Indiya ce ta fi tabbas. Inda kuwa aka ce maka za ka shafa kanta ko ka ɗauki hoto rungume da ɗanta, wannan ba daji ba ne, keji ne da aka yi wa ado.

Wanda ya taɓa zuwa gandun dajin Mole da ke arewacin Gana ya ajiye abin da ya saba gani can. A Mole kana iya bin ma'aikacin gandu a ƙafa, ko ka zauna a kan tudu ka hango giwaye suna wanka a tafki. Damisa ba ta garke. Ita kaɗai take yawo, cikin kurmi da gora da doguwar ciyawa, ratsin jikinta kuma yana sajewa da inuwar ganye, har tana iya kwance a tazarar taku ashirin mota ta wuce ba wanda ya lura. Ba a sauka daga mota, ba a barin hanya. Farauta ake yi da ido da kunne, kuma akan dawo hannu rabbana.

Ga yadda izinin yake. A 2012 kotun ƙolin Indiya ta dakatar da yawon buɗe ido a tsakiyar gandayen damisa na wasu watanni, daga baya aka buɗe bisa sharaɗin kada wurin da baƙi ke shiga ya wuce kashi 20 cikin 100 na tsakiyar dajin. Wannan ɗan yankin aka yanka shiyya-shiyya, kowace da adadin motocin da aka yarda su shiga da safe da kuma da yamma. Gwamnatin jiha ce ke sayar da izinin ta intanet, ba masauki ba. A Madhya Pradesh ana buɗe sayarwa saura kwana 120, kuma shiyyoyin da aka fi so sukan ƙare tun ranar farko. Saboda haka mai son tafiya a Maris, tun Nuwamba ya kamata sunansa da lambar fasfonsa su kasance a hannun wanda zai yanka masa.

A nan ake yawan tuntuɓe. Takardar tana ɗauke da suna da lambar fasfo na kowane mutum da zai hau motar, kuma a bakin ƙofa ainihin fasfon ake nema, ba hotonsa a waya ba. In ka sabunta fasfo bayan an yanka izini, lambar ta canza, don haka ka tafi da tsohon tare da sabon. In fasfonka ya ce Mohammed, kada ka aika Muhammad don haka kake rubutawa a Facebook, kuma kada ka ƙara Alhaji ko Hajiya in babu shi a ciki. Hoton shafin fasfon za ka tura, a kwafa daga can. In abokin tafiya ya fasa, ba a goge sunansa a sa na ƙaninka. Kujerar ta tafi.

Tuntuɓe na biyu shi ne bambancin tsakiyar daji da gefensa. Kowane gandu yana da zobe a kewaye inda akwai ƙauyuka da shanu, can ma ana shiga da mota, kuma izininsa ya fi sauƙin samu. Ejan da ya makara sai ya yanka maka na gefe, ya rubuta "shiga daji sau shida" a takardar farashi, bai yi ƙarya ba amma bai faɗi gaskiya ba. Gefen ba abin rainawa ba ne, a gandun Tadoba ma ana ganin damisa sosai a can. Amma ka sani tun kana gida, kada ka biya kuɗin wani abu a ba ka wani. Kafin ka cika kuɗi, ka ce a turo maka kwafin kowace takardar izini, ka duba kwanan wata, da safe ne ko da yamma, da sunan shiyya, da sunan ƙofar shiga.

Mota iri biyu ce. Akwai ƙaramar jif buɗaɗɗiya, yawanci Maruti Gypsy, mai ɗaukar baƙi 6 ban da direba da ɗan jagora. Akwai kuma babba mai kujera 20 da ake kira kanta, wadda ta fi yawa a gandun Ranthambore, kamar trotro ce da aka cire wa rufi: ƙara, jinkiri wajen juyawa, ga kan mutane tsakaninka da abin da ka zo gani. Wanda ya biya kuɗin jirgi tun daga Akra bai kamata ya ƙare a cikinta ba. Ka nemi jif, in da hali a yanka maka ita gaba ɗaya, kai da iyalinka kawai. Nan ne kuɗi ke da amfani na gaske, domin kai za ka ce a tsaya a jira minti arba'in a bakin ruwa, ba tare da wani baƙo yana ƙorafin yana jin yunwa ba.

Sau nawa za a shiga? Kada ya gaza shida a gandu ɗaya, wato kwana uku ke nan. Wanda ya tsara shiga biyu ya haɗa da ziyarar Taj Mahal, caca ya yi. Mafi kyau a haɗa gandu biyu, kwana uku-uku ko huɗu-huɗu. A lissafa da ranakun hutu: a Madhya Pradesh ba a shiga ranar Laraba da yamma, tsakiyar Tadoba a rufe take ranar Talata, Ranthambore ma tana da ranar hutunta a mako, haka nan bukukuwan Holi da Diwali suna taɓa jadawali. Mai dabara yakan sa doguwar tafiyar mota tsakanin gandu biyu ta faɗo a Larabar, sai ya zama bai rasa komai ba.

A ganina, ga mai zuwan fari Bandhavgarh ta jihar Madhya Pradesh ce ta ɗaya cikin gandayen. Ba ta da girma sosai, damisa kuma sun yi yawa a cikinta. Shiyyoyin tsakiya uku ne, Tala da Magadhi da Khitauli, kuma a rarraba shigar a tsakaninsu, kada a nace wa Tala don sunanta ya fi fita, domin damisa mai 'ya'ya tana iya kasancewa a Magadhi a shekarar. Daga filin jirgin Jabalpur tafiyar awa huɗu ce a mota. Kanha ta fi ta faɗi da kyan gani, da filayen ciyawa da dogayen itatuwan sal, kuma a nan ne ake samun barewar fadama mai ƙaho rassa-rassa da ake kira barasingha. Amma faɗin nan yana nufin ƙarin haƙuri. Tsakanin Bandhavgarh da Kanha awa biyar zuwa shida ne. Daga Kanha a gangara Pench cikin kamar awa huɗu, daga can Nagpur awa biyu. Pench ce gidan shahararriyar damisar nan Collarwali, wadda ta haifi 'ya'ya 29 kafin ta mutu a Janairun 2022. Tadoba, a jihar Maharashtra, kamar awa uku daga Nagpur, busasshen daji ne mai gora, zafinta ba wasa, amma a bazara samun damisa a bakin ruwa ya fi sauƙi a can.

Ranthambore, a Rajasthan, ita ce ta hotuna: tsohuwar ganuwa a kan dutse, kangon fada a bakin tafki, damisa tana ratsa ƙofar da sarakuna suka bari. Ita ce kuma mafi sauƙin zuwa, jirgin ƙasa daga Delhi yana sauke mutum a Sawai Madhopur. Shiyya 10 gare ta, 1 zuwa 5 su ne tsohon tsakiyar dajin, tafkunan Padam Talao da Rajbagh suna ta 3. Aibinta cunkoso. Idan damisa ta fito, motoci kan taru a kanta har abin ya gundure ka. Corbett kuwa ita ta fi kowane gandu yawan damisa, 260 a ƙidayar 2022, amma ciyawarta da kurminta suna ɓoye su. Sundarbans da kwalekwale ake shiga, ba wurin mai gaggawar gani ba ne.

Maganar wata. Daga Yuli zuwa Satumba damina ce, tsakiyar yawancin gandayen a rufe. Oktoba da Nuwamba daji ya yi kore shar, ruwa ko'ina, damisa ba ta da dalilin fitowa fili. Disamba da Janairu akwai daɗin yanayi da rana, amma sanyin asuba a buɗaɗɗiyar mota ya wuce duk hunturun da aka sani a Tamale ko Bawku, a Kanha yakan kusa daskarar da ruwa. Afrilu da Mayu su ne na ganin damisa, domin ganye ya zube, ƙananan ruwaye sun ƙafe, ita kuma dabba ce mai son kwanciya cikin ruwa. Farashinsa shi ne zafin da ke haura digiri 40, busasshe, ba irin gumin Akra ba. Dattijo mai hawan jini ko ciwon suga ya yi tunani. Daga tsakiyar Fabrairu zuwa ƙarshen Maris shi ne tsaka-tsaki, sai dai a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa daidai nan, don haka a duba kalanda tun kafin a buɗe sayar da izini.

Safiya a daji haka take tafiya. A tashe ka wajen ƙarfe biyar, a kai layin ƙofa kafin gari ya waye, a buɗe daidai fitowar rana. Direba yana tafiya a hankali, ɗan jagora ya leƙa gefe yana karanta ƙurar hanya, domin damisa tana son bin hanyar mota da dare, tafin ƙafarta mai laushi ne. Sawun namiji ya fi faɗi, na mace ya ɗan fi tsawo. In sawun yana kan shatin tayar motar da ta wuce yanzu, to ba ta yi nisa ba. Sai a kashe inji a saurara. Birin langur da ke saman itace yakan yi wani tari mai kaushi idan ya hango ta. Barewa mai ɗigo, wato chital, takan yi siririn kuka gajere, amma ita matsoraciya ce, dila ma yana sa ta ihu. Babbar barewar sambar in ta buga nata, mai kama da hon, tana dukan ƙasa da ƙafa, wannan ba a musunsa. Gwanin jagora yana bin kukan daga wannan kwari zuwa wancan, ya gane inda damisar ta dosa, ya kai motar mahaɗar da za ta tsallaka, a jira. Wanda bai iya ba sai ya bi ƙurar sauran motoci, ku isa a layi na goma kuna kallon ƙeyar mutane. Shigar safe a Madhya Pradesh takan kai wajen ƙarfe 11, ta yamma daga wajen ƙarfe 3 zuwa faɗuwar rana.

To, me masaukin alfarma yake saya maka? Na farko, masanin daji nasa na kansa wanda zai raka ka kowace shiga, ban da jagoran gwamnati da dole a ɗauka a ƙofa bisa layi. Wannan shi ne rabin kuɗin. Na biyu, kusanci da ƙofa. Sai bargo da jakar ruwan zafi da asuba, karin kumallo a kan bonet a wurin da aka keɓe, da ɗaki mai sanyi tsakar rana. A Ranthambore akwai Oberoi Vanyavilas, da Aman-i-Khas, da Sujan Sher Bagh. Kamfanin Taj yana da Mahua Kothi a Bandhavgarh, Banjaar Tola a Kanha, Baghvan a Pench. Na kan gaba a cikinsu suna haura dala 1,000 a dare lokacin cunkoso, akwai kuma matsakaita masu tsabta da ƙwararrun masana daji a ƙasa da haka nesa ba kusa ba. In kuɗin bai isa duka ba, a rage daga ɗaki a ƙara a yawan shiga da jif na kai.

A kula da maganar ƙofa. Kanha tana da ƙofar Mukki da ta Khatia, tsakaninsu ta waje tafiya ce mai tsawo. Masauki a Mukki, izini a Khatia, sai ka tashi tsakar dare ka isa a gajiye. Shi ya sa ake fara samun izini, sannan a zaɓi ɗakin da ke kusa da shi. A tambaya kuma ko farashin ya haɗa da kuɗin izini, da na mota, da na jagora, da harajin kashi 18 cikin 100 da ake ɗora wa ɗakuna masu tsada. Sau da yawa lambar da ke cikin talla babu su.

Daga Gana babu jirgin da ke zuwa Indiya kai tsaye. Daga filin jirgin Akra ana bi ta Adis Ababa, ko Dubai, ko Doha, ko Istanbul, a sauka Delhi ko Mumbai, sannan a hau na cikin gida zuwa Jabalpur ko Nagpur. Mutumin Kumasi ya sauko Akra da wuri, ko ma ya kwana, kada jinkirin ƙaramin jirgi ya cinye masa babba. Agogon Indiya yana gaban namu da awa biyar da rabi, ƙarfe biyar ɗin asubarsu sha ɗaya da rabin darenmu ne, don haka kada a sa shiga daji washegarin sauka. Jiragen cikin gida irin IndiGo kilo 15 suke yarda da shi a kaya, 7 a hannu, ba irin manyan akwatunan da muka saba ja zuwa Saudiyya ba.

Katin rigakafin cutar shawara shi ne abin da bai kamata a manta ba ko kusa. Indiya tana tsananta shi ga duk wanda ya fito daga Gana. Allurar sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki, wanda kuma ya sauka babu shi ana iya killace shi har kwana 6, izininsa na daji yana ƙonewa yana zaune. Mai fasfon Gana yana iya neman bizar yawon buɗe ido ta intanet, a shafin gwamnatin Indiya na ainihi, ba na 'yan tsakiya masu kama da shi ba. A zangonninmu kuwa, daga Nima har Aboabo, akwai masu riƙe da fasfon Najeriya, su tasu hanyar ta ofishin jakadanci ce, su fara da wuri. Fasfo ya kasance da sauran wata 6 da shafi biyu babu komai. Sidi ba ya canzuwa a can, a riƙe dala sababbi da katin banki, kuma tsabar da ta haura dala 5,000 sai an bayyana ta a kwastan ɗin Indiya. Wayar tauraron ɗan'adam haramun ce a ƙasar, tana kai mutum hannun 'yan sanda.

Abinci ba matsala ba ne in an faɗa tun farko. A rubuta wa masauki cewa naman halal ake so, domin a Indiya akwai wani yankan na sara ɗaya da ba namu ba. In ba a gamsu ba, girkinsu na ganye da wake da shinkafa da gurasa ya wadatar, ga ƙwai da kifi. Naman shanu kada ma a tambaya. Salla kuwa, a yi Asuba kafin a hau mota ko a bakin ƙofa yayin jiran layi, tunda in an shiga ba sauka sai wurin karin kumallo. Shigar yamma tana haɗiye La'asar, matafiyi ya san sauƙin da aka yi masa na haɗa ta da Azahar kafin fita. Alƙibla a can yamma take, ba gabas ba kamar yadda jiki ya saba.

Tufafi masu launin ƙasa ko ganye, ban da farar jallabiya da jan mayafi. Rawani ko gyale na rufe hanci, domin ƙurar hanyar tana shiga ko'ina. Madubin hangen nesa 8x42 ga kowane mutum, ba ɗaya a yi ta miƙawa ba. Mai kyamara ya zo da gilashin da ya kai milimita 400, da ƙyallen rufe ta, kuma kada ya canza gilashi a cikin daji. Kada a dogara da waya wajen ɗaukar hoto: Tadoba ta hana shiga da ita tun 2018, saboda direbobi suna kiran juna su yi wa damisa zobe, kuma dokar tana yaɗuwa, a tambayi masauki halin da ake ciki kafin a taso. In damisa ta fito, a zauna, a yi shiru, kada a matsa wa direba ya kutsa kusa, domin shi za a dakatar daga aiki, kai kana cikin jirgi.

A ware 'yan rupi na hannu don ihsani ga direba da jagora bayan kowace shiga, kasancewar jagoran gwamnati yana canzawa, wanda ya nemo maka damisa yau ba lallai ka sake ganinsa gobe ba. Mai tafiya a Disamba ko Janairu kuma ya bar kwana ɗaya a banza a Delhi, zuwa da dawowa, domin hazon lokacin yana tsayar da jirgin sama da na ƙasa, izinin da ranarsa ta wuce kuwa ba a ɗaga shi zuwa gobe.